Gudun fanfalaki a gindin Everest: ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum

Kowace shekara, ranar 29 ga Mayu da sassafe, 'yan tsere kan taru a gindin Dutsen Everest na ƙasar Nepal, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, suna jiran a ba su damar tashi. Gudun kilomita 42 da 'yan kai ne a gabansu. An soma gasar a 2003, lokacin cika shekara 50 da Tenzing Norgay da Edmund Hillary suka riga kowa taka ƙololuwar dutsen a 1953. Ana tashi daga sansanin masu hawan dutse, wanda ya ɗara mita 5,300 a saman teku, a ƙare a garin Namche Bazaar mai tsayin kimanin mita 3,440. Da yawa daga baƙin da ke shiga ba sana'arsu ke nan ba. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu gudun asuba kafin su tafi neman abinci, suka yi tanadi suka zo.

Irin waɗannan mutane kan shafe watanni suna horar da ƙafa, alhali babbar matsalar tana cikin iska. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ko a Legas ko a kan Everest. Nauyin iskar ne ke raguwa idan ana hawa. A wurin da ake tashi gudun ya ragu da kusan rabi, don haka duk numfashi ɗaya rabin abin da huhu ya saba samu a bakin teku yake kawo masa. Nan take numfashi ke ƙara sauri, zuciya ta dinga bugawa ko mutum yana kwance. Daga baya ƙoda ta saki wani sinadari da ke sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon oksijin zuwa gaɓoɓi. Wannan aiki makonni yake ci, kuma babu atisayen da zai gaggauta shi. Shi ya sa zakarun duniya ke tarewa a wurare irin su Iten na ƙasar Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, su daɗe a can.

Abin da sababbin shiga suka fi wahalar yarda da shi shi ne, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tsauni. Wanda ke gama fanfalakin birni cikin awa uku na iya kwantawa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, dattijuwar da ke biye da shi da sanda kuwa ta wuce lafiya lau. Sau da yawa ma ƙarfin ne ke ja masa, domin yana hawa da sauri fiye da yadda jininsa zai iya bi. Shawarar likitoci ita ce, da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma a riƙa hutawa yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Masu shiga gasar kan sauka a jirgi a Lukla, mita 2,860, su yi wajen mako biyu suna takawa sannu a hankali kafin su isa sansanin. Wannan tattaki shi ne rabin gasar. Idan ciwon ya tsananta, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Wanda ya fara haki yana zaune, ko yake tangaɗi kamar mashayi, a sauko da shi ƙasa nan take, ko da ya biya kuɗin gasa, ko da dare ne.

Hanyar kanta yawancinta gangara ce, sai mutum ya ɗauka sauƙi ne. Ba sauƙi. Gangara a kan tsakuwa da manyan duwatsu tana cin cinya da gwiwa fiye da hawa, ga ayarin shanun yak da ke ɗauke da kaya a siririyar hanya ɗaya da masu gudu. Bayan an wuce wurin ibadar 'yan Buda na Tengboche an gangara bakin kogi, sai ga wani dogon hawa a daidai lokacin da ƙafa ta gama mutuwa. 'Yan Nepal, waɗanda aka haifa a tsaunukan, su ke lashe gasar, galibi cikin awa huɗu ko ƙasa da haka. Baƙo ya sa ran zai ninka lokacin da ya saba yi a kan kwalta, kuma takawa a wurin hawa ba abin kunya ba ne. Saboda haka horon da ke da amfani shi ne doguwar tafiya ta awoyi a tudu da jaka a baya, da hawan bene, da koya wa cinya gangara, da saba wa ciki cin abinci ana cikin tafiya, tunda tsauni na kashe marmarin abinci.

Mai shiri daga Najeriya zai sami duwatsun da zai horar da ƙafa a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ko a Mambila da ta ɗara haka. Sai dai tsayinsu bai kai ya shirya jini don mita 5,000 ba. Wanda ke son ɗanɗana ainihin abin kusa da gida, ga gasar Dutsen Kamaru da ake yi daga garin Buea tun 1973, inda ake hawa har tsayin da ya ɗara mita 4,000 a sauko a yini guda. A can ne Sarah Etonge ta yi nasara sau bakwai har aka yi mata laƙabi da sarauniyar dutse.

Akwai kuma batun da ya shafe mu fiye da yawancin baƙin Nepal. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da rukunin jini na AS, kuma akasarinsu ba su taɓa jin komai a jikinsu ba. Amma idan ƙarancin oksijin ya haɗu da aikin ƙarfi da ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsu na iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini, musamman a saifa. A 2007 haka ta faru da Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka, bayan wasa a birnin Denver mai tsayin kimanin mita 1,600 kacal, har sai da aka cire masa saifa. Mai sikila sosai kuwa, wato SS, irin wannan tsayi hatsari ne babba gare shi. Duk mai wannan buri, kafin ya sayi takalmi ko tikitin jirgi, ya je asibiti a gwada rukunin jininsa, a duba zuciyarsa, ya kuma gaya wa likita tsayin wurin da yake shirin zuwa.