Ɗage dokar hayaƙin jiragen ruwa: Ina ruwan ɗan kasuwar Wudil?

Wudil ba ta da teku, kogin da ke ƙarƙashin gadarta ma kwale-kwale kawai yake ɗauka. Amma baburan da ke yawo a garin, da yawancin yadin da ake sarowa daga Kantin Kwari, sai da suka yi makonni cikin kwantena kafin su sauka a Legas. Shi ya sa abin da ya faru a Landan ranar 17 ga Oktoba, 2025 ya shafi aljihun mai shago a nan.

A ranar ne ƙasashen Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, suka ɗage amincewa da dokar rage hayaƙin jiragen dakon kaya da shekara guda. Ƙasashe 57 suka goyi bayan ɗagewar, 49 suka ƙi, 21 suka ƙaurace. Saudiyya ce ta nemi a kaɗa ƙuri'ar, bayan Amurka ta yi barazanar hana biza da ƙaƙaba haraji ga masu goyon bayan dokar.

Daftarin, wanda aka amince da shi a Afrilun 2025, ya shafi jiragen da girmansu ya haura tan 5,000. Jirgin da hayaƙinsa ya wuce iyaka zai biya dala 100 ko dala 380 kan kowane tan na rarar, gwargwadon yadda ya zarce, a tara kuɗin a asusun tallafa wa mai tsabta. An tsara fara lissafi a 2028.

Kamfanonin jiragen ruwa ba sa haɗiye irin wannan kuɗi. Lokacin da aka rage sinadarin salfa a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari a Janairun 2020, ƙarin kuɗin mai suka ɗora a takardar dako, ya gangaro daga mai shigo da kaya zuwa dillali, har kan mai saye. Ta wannan fuska, ɗagewar ta ba 'yan kasuwa sararin numfashi.

Sai dai sararin bai kai yadda ake zato ba. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ke karɓar nata kuɗin hayaƙi, kuma tana lissafa rabin hayaƙin duk tafiyar da ta haɗa tasharta da ta wata nahiya. Fatar akuyar da aka saya a karar Wudil ranar Juma'a, aka jeme a Challawa, aka tura Italiya, ta riga ta shiga wannan lissafi, kuma kuɗin a baitulmalin Turai yake tsayawa. Asusun IMO kuwa an tsara ya ware wani kaso don rage wa ƙasashe masu tasowa raɗaɗi, kodayake ba a kammala yadda za a raba ba.

Najeriya ta koma majalisar gudanarwar IMO a Nuwamban 2025, bayan shekara 14. Batun rabon nan ne ya kamata wakilanta su fi matsa wa lamba idan aka koma teburi.