Kududdufinka ba kifi kaɗai ke cikinsa ba

Yau zan ɗan taɓo wani darasi da muka yi a jami'a, wato ilimin dangantakar halittu da muhallinsu. Sunan ya yi kama da abin 'yan boko, amma duk wanda ya zuba kifi a tanki ko ya kawo 'yan tsaki gida, da wannan ilimin yake aiki ko ya sani ko bai sani ba. Tambayoyinsa uku ne: wace halitta ce ke iya rayuwa a ina, guda nawa wurin zai ɗauka, kuma su wa take zaune da su.

Mu fara da tarwaɗa. Me ya sa ita ce kifin da aka fi kiwo a Najeriya? Ba daɗinta kaɗai ba ne. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman matsatsinta wadda take shaƙar iska kai tsaye da ita, shi ya sa kake ganin tana leƙowa saman ruwa tana komawa. Ruwan da iskar oksijin ta yi ƙasa a cikinsa har ya kashe wani kifin, ita za ta jure. Wannan ne ya sa ta bazu kusan ko'ina a Afirka, daga manyan koguna har kududdufan da ke kusan ƙafewa da rani. Amma tana da iyakarta: ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu ya shigo ruwa ya yi sanyi, sai cinta ya ragu. A nan sabon mai kiwo yake asara, ya ci gaba da watsa abinci kamar yadda ya saba, abincin ya nutse ya ruɓe ya ɓata ruwan. A Disamba da Janairu ka rage abinci, ka jira rana ta ɗaga kafin ka ba su. Wanda ke Jos kuma kada ya ɗauki lissafin wanda ke Lokoja ya ce shi ma wata huɗu zai kwashe, don yanayinsu ba ɗaya ba ne. Haka buroila: an ƙirƙiro irinta ne don saurin girma, ba don jure zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zabo da kazar Hausa ke yawonsu lafiya lau.

Yanzu batun yawa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Halitta in ta samu abinci da sarari, da farko yawanta da girmanta na tafiya da sauri, daga nan ya fara ja da baya, har ya tsaya cak idan an kai iyakar. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ruwa ba ƙirga kai yake yi ba, nauyi yake ji. Ka sayo 'ya'yan kifi 1,000, kowanne giram 5, jimilla kilo 5 ke nan. Ka zuba su a tankin da ke da mita 3 tsawo, 3 faɗi, 1 zurfi, wato lita 9,000. Za ka ga kamar ba komai a ciki, har zuciyarka ta ce ƙaro wasu. To idan burinka kowanne ya kai kilo ɗaya, tankin nan zai ɗauki kilo 1,000, ninki 200 na abin da ka fara da shi, kuma kashinsu da ragowar abincinsu duk a cikin ruwan suke zama. Shi ya sa matsala ba ta fitowa a watan farko. A wata na uku ko na huɗu za ka ji ana cewa "kifina sun daina girma", a ɗora wa mai abinci laifi ko wanda ya sayar da iri, alhali wurin ne ya cika. Mafita biyu ce: ko ka rage yawansu ka raba tanki, ko ka ƙara yawan canjin ruwa, wanda shi ma kuɗin fetur ne.

Ga kuma halin tarwaɗa na cin 'yan uwanta. Cikin kowane zubi akwai waɗanda ke tsere wa sauran a girma, kuma duk wanda ya shiga bakinsu ya tafi. In ba ka ware su bisa girma tun suna ƙanana, za ka zuba dubu ka kwashe ƙasa da haka sosai, ba tare da ka taɓa ganin gawa ko ɗaya ba.

Karfasa kuwa matsalarta akasin haka ce. Macen tana ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, don haka 'ya'yanta da yawa ke tsira, kuma tana fara haihuwa tun tana 'yar wata biyar ko shida, ta riƙa maimaitawa bayan 'yan makonni. Ka zuba maza da mata a kududdufin ƙasa, bayan wasu watanni ya cika da ƙananan kifi masu yawan gaske waɗanda ba mai saye da daraja. Shi ya sa masu kiwonta da gaske suke neman iri na maza zalla, waɗanda kuma sun fi mata saurin girma.

A ɗakin kaji ma dokar ɗaya ce. Buroila a kan diddiga, kamar 10 a murabba'in mita ɗaya, in lokacin zafi ne ni na fi son 8. Ka cusa fiye da haka, diddiga ta jiƙe, warin da ke yaji a ido ya tashi, tari da gudawa su biyo baya, su kuma fara tsattsagar juna.

Sai na uku, zaman tare. Kududdufin ƙasa gari ne guda. Koren da kake gani a ruwan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganinsu ɗai-ɗai, wasu ƙananan halittu na cinsu, karfasa na cin duka biyun, tarwaɗa na cin 'ya'yan karfasa, zalɓe da guza da maciji na jiran kowa a bakin ruwa. Wanda ya fahimci wannan zai iya amfana da shi. Ana sa tarwaɗa 'yan kaɗan cikin kududdufin karfasa don su rage 'ya'yan da ke cika wurin. Ana kuma zuba kashin kaji daidai gwargwado don ruwan ya yi kore, karfasa ta samu abinci kyauta. Amma a kula, tsirran nan da rana suke ba da oksijin, da dare su ma shaƙa suke yi. Idan koren ya yi kauri, gab da asuba iskar ruwan ke ƙarewa. In kana son sanin lafiyar kududdufinka, je ka duba shi bayan sallar asuba, ba da azahar ba. Ka tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, to taki ya yi yawa, ka dakata da shi ka ƙara sabon ruwa.

Wani abu da nake roƙon mutane su daina shi ne ɗebo kifi daga kogi ko dam su jefa cikin nasu wai don ƙari. Ku dubi Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda, Kenya da Tanzaniya. A shekarun 1950 aka kai giwan ruwa can, kifin da mu muka sani a Tafkin Chadi da Kogin Neja amma baƙo ne a wurin. Ya yi shiru na tsawon shekaru, sai a shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifi kusan 200 da ba a samunsu ko'ina a duniya suka ɓace ko suka kusa. Tafki mafi girma a Afirka ke nan, balle kududdufi na bayan gida. Baƙon kifi kan zo da ƙwayar cuta ko ya zama shi ne mai cin naka.

Masu kaji kuma, maƙwabtanku su ne tsuntsayen sama da agwagi. Dausayin Haɗeja da Nguru na karɓar tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai duk lokacin sanyi, kuma irin waɗannan tsuntsaye na iya ɗauke da murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba. Agwagwar gida ma haka. A 2006 aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka, kuma a wata gonar kaji ce a Jihar Kaduna. Don haka wanda yake shirin haɗa kaji da kifi a fili ɗaya, ya tuna buɗaɗɗen ruwa yana kiran tsuntsaye. Ka nisanta ɗakin kaji daga bakin kududdufi, ka sa raga a tagogi, kada ka ba kaji ruwan kududdufi su sha, kuma agwagi su yi zamansu daban.