Kasada Ba Caca Ba Ce

In aka ce wane ɗan kasada ne, da yawanmu sai mu ɗauka mutum ne da ke runtse ido ya faɗa rijiya. Wannan sunansa ɗan caca. Mai son ganin bambancin ya waiwayi Kano a lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911.

Turawan mulki auduga suka sa wa rai. Lissafinsu, jirgi zai riƙa kwasar ta zuwa Ikko, daga can a wuce da ita masaƙun Ingila. Sai manoman ƙasar Kano suka ba su mamaki: daga 1912 gyaɗa ce ta cika tasha, har jirgin ya kasa kwashewa.

Shin manoman ba su yi kasada ba? Sun yi mana. Ba su san masu sayen ba, ba su san ko farashin bana zai kai baɗi ba. Amma ka dubi wace kasada suka zaɓa. Auduga in kasuwarta ta faɗi, ba a tuwo da ita. Gyaɗa kuwa in an ƙi saye, uwargida ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su kwana da abu a ciki. Ga shi ana shuka ta tsakanin gero da dawa, rumbu bai zama fanko ba. Wato tun kafin su jefa ƙafa sun auna zurfin ruwan, sun san in an yi asara ba za ta kai su ƙasa ba. A ganina nan ne matasanmu ke tuntuɓe, in suka sayar da gonar gado ɗungurungum don harkar da a waya kawai suka ji labarinta.

Fatake ma haka suka yi. Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji, ya daɗe yana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja kafin ya karkata ga gyaɗa. Sabon kaya ne, amma yaransa, da amanar da ya gina, da sanin hanya, duk na da ne. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma ashirin aka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya.