Tabarau Mai Magana: Abin da Zai Yi wa Makahon Masama da Abin da Ba Zai Iya Ba

A 'yan shekarun nan an shigo da wani irin tabarau kasuwannin duniya, mai ɗauke da kamara da 'yar lasifika, ana yi masa magana yana amsawa. Makaho zai sa shi, ya fuskanci takarda ya ce a karanta masa, sai ya ji murya a kunnensa tana zayyano abin da ke rubuce. Bidiyon masu amfani da shi na yawo a Facebook da WhatsApp, har wasu suka ɗauka an gano maganin makanta. Tun da labarin ya iso garuruwanmu na Jihar Kebbi irin su Masama da Gwandu da Kalgo, ya kamata a zauna a warware zare da abawa: mene ne wannan tabarau, me yake iyawa, nawa ne kuɗinsa, kuma daga ina ya kamata mai larurar gani da danginsa su fara.

Yadda yake aiki

Da farko, tabarau ɗin ba ya taɓa ido, ba ya kuma dawo da gani. Kamarar da ke jikinsa ita ke ɗaukar hoton abin da mutum ya fuskanta, ta miƙa wa wayar da ke aljihunsa. Wayar ta tura hoton ta intanet zuwa manyan kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira, su tantance abin da ke ciki, su mayar da bayani, sai lasifikar da ke dab da kunne ta furta shi. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba a toshe kunnen mutum, domin makaho da kunnensa yake sanin hanya.

Iri uku suka fi suna. Akwai OrCam MyEye na wani kamfani da aka kafa a Isra'ila a 2010. Shi 'yar na'ura ce kamar tsawon yatsa da ake mannawa a gefen kowane tabarau da maganaɗisu. Idan mutum ya nuna rubutu da yatsa sai ta karanta, kuma ba ta buƙatar intanet. Akwai Envision na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2020, yana karatu, yana bayyana wuri, yana kuma kiran wani amintacce ta bidiyo ya duba wa mutum gabansa. Sai Ray-Ban Meta da ya fito a watan Oktoba na 2023. Wannan ba don makafi aka ƙera shi ba, don masu son ɗaukar hoto da jin kiɗa aka yi shi, amma makafi a Amurka da Turai suka rungume shi saboda ya fi sauran araha nesa ba kusa ba.

Abin da yake saya wa mutum

Wanda Allah ya bar wa idonsa ba ya cika lura da yawan sirrin da makaho ke rasawa kullum. Ɗauki kuɗi. Takardar naira 200 da ta 500 da ta 1,000 duk girmansu ɗaya, hannu ba ya bambanta su. Makahon da ya kai buhun albasa kasuwar Gwandu, dole ya miƙa wa wani kuɗin ya ƙidaya masa, ya kuma yarda da abin da aka faɗa. Idan ya je wurin mai POS, sai ya ba da katinsa ya furta lambar sirrinsa da baki, mutane na tsaye suna ji. Saƙon banki ya shigo, sai an karanta masa, kowa ya san abin da ɗansa ya turo daga Legas. Makauniya mai hawan jini da ciwon suga tana riƙe da kwalin magani biyu masu kama da juna, tana jiran jikarta ta dawo daga islamiyya ta gaya mata wanne ne na safe.

A nan fasahar take da amfani na gaske. Tana karanta saƙo, tana faɗin launin riga, tana gane takardar kuɗi, tana karanta sunan magani. Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a wannan lissafi: ɗan jagora. Yaron da ke riƙe da sandar kakansa tun hantsi har la'asar, sa'o'insa suna aji shi yana kan titi. Duk abin da ya rage wa makaho dogaro da wani, to ya 'yanta mutum biyu ne.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Matsala ta farko kuɗi. Ray-Ban Meta ya fito a kan dala 299, wato sama da naira 400,000 a canjin 2024 da 2025, kafin a sa kuɗin kawowa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne, ke nan ma'aikaci zai tara albashin kusan wata shida bai ci bai sha ba. OrCam da Envision kuwa kuɗinsu ya kai dubban daloli. Bayan haka tabarau irin na Meta sai da babbar waya, sai da data, sai da sabis mai ƙarfi. Cajinsa 'yan sa'o'i yake yi, alhali a ƙauyukanmu da yawa sai an kai waya shagon mai caji an biya.

Ta biyu harshe. Waɗannan na'urori sun fi jin Turanci da Faransanci da sauran manyan harsunan Turai. Idan aka ba muryar Turanci rubutun Hausa, sai ta hautsina shi, ta haɗiye ƙ da ɗ da ɓ, har mai saurare ya kasa gane harshen uwarsa. Ajami da rubutun hannu sun fi ba su wahala. Dattijon da bai yi boko ba, ko an ba shi tabarau kyauta, sai ya nemi tafinta tsakaninsa da shi.

Ta uku kuskure. Ƙirƙirarriyar basira takan faɗi abin da ba haka ba, kuma da cikakken ƙwarin murya, ba ta ko inda-inda. Tana iya cewa hanya a buɗe take alhali akwai kwata a gaba. Bayaninta kuma yakan yi jinkiri, mai babur kuwa ba ya jira. Kada wanda ya dogara da ita wajen tsallaka titin Birnin Kebbi zuwa Jega, kada kuma a sha magani bisa faɗarta kawai ba tare da ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba. Sanda tana nan a matsayinta, domin ita ce ke taɓa ƙasa ta sanar da mutum rami ko dutse kafin ƙafarsa ta kai.

Akwai kuma batun mutunci. Kamara ce a fuskar mutum, kuma hoton da ta ɗauka yana iya fita ƙasar waje. A al'adarmu gidan aure ba a shiga sai da izini, balle a ɗauki hoton matan gida. Wanda ya mallaki irin wannan tabarau ya kamata ya sanar da mutane, ya kuma cire shi ko ya kashe shi inda bai dace ba.

Kafin tabarau, asibiti

Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa mutum wajen miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Kebbi take, ita ce ta fi yawansu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17.

Ma'anar wannan ita ce, da yawa daga cikin tsofaffin da ke zaune a zaurukanmu an sallama cewa sun makance, yana ce kawai ta rufe musu ido. Aikin cire ta yawanci bai wuce rabin sa'a ba, washegari a kwance bandeji mutum ya ga jikokinsa. Haɗarin yana wurin masu yawo ƙauye-ƙauye suna ture yanar da tsinke. Binciken nan ya nuna mafi yawan idanun da aka yi wa haka sun ci gaba da zama a makance. Hawan jinin ido shi kuma ɓarawo ne, yana cin gani daga gefe ba ciwo ba raɗaɗi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa duk wanda ya kai shekara 40, musamman in akwai mai cutar a danginsu, ya kamata ya je a auna shi. Amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki yana goge ƙwayar, shi ma yana da magani da ƙaramin aiki, kuma ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana haɗa hannu da gwamnatocin Kebbi da Sakkwato da Zamfara a kan yaƙi da shi. Yara kuma a kai su allurar ƙyanda, a karɓa musu sinadarin bitamin A.

Daga Masama zuwa Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce, kuma akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin gwamnatin tarayya. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Kuɗin tabarau guda ɗaya zai iya buɗe idon mutum fiye da ɗaya.

Wayar da ke hannu

Wanda likita ya tabbatar masa ganinsa ba zai dawo ba, ba sai ya jira tabarau ba. Mafi yawan abin da tabarau ke yi, wayar Android da ke hannun mutane tana yi, kuma kyauta. A cikin saitinta akwai TalkBack, a iPhone kuma akwai VoiceOver tun 2009. Da an kunna, sai yadda ake taɓa waya ya canza: ka ɗora yatsa a kan abu ta faɗi sunansa, ka buga sau biyu ta buɗe shi, ka ja da yatsu biyu (a iPhone uku) shafi ya motsa. Makon farko akwai gajiya da ɓacin rai, amma wanda ya jure zai kira wanda yake so, ya aika saƙon murya, ya duba asusunsa ba tare da kowa ya ji ba in ya sa abin kunne.

Akwai manhajar Seeing AI da kamfanin Microsoft ya fitar a 2017, da Lookout ta Google, dukkansu suna karanta rubutu suna bayyana hoto. Akwai Be My Eyes, wadda wani mutumin Denmak mai larurar gani, Hans Jørgen Wiberg, ya ƙaddamar a 2015. Ita tana haɗa makaho da ɗan sa-kai mai ido ta kiran bidiyo, ya duba masa ranar ƙarewar magani ko ya nemo masa makullin da ya faɗi. Ɗalibi mai kwamfuta kuma yana da NVDA, manhajar karanta allo da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina suka bar wa duniya kyauta. Duk wannan bai kore rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da Louis Braille ya ƙirƙira a Faransa a 1824 ba. Yaron da ke saurare kawai ba zai iya harhaɗa baƙaƙe da kansa ba, shi ya sa makarantu irin su ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano suke da muhimmanci har gobe.

Aikin da ya rage namu

Al'ummarmu ta san darajar makaho mai ilimi. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi wa Manzon Allah (SAW) ladanci, har ana barin masa riƙon Madina. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, bai ga takarda ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Abin da ya mayar da makafinmu bakin masallaci da tasha rashin hanya ne, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Doka ma tana bayansu: a watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, hukumar JAMB kuma tana shirya wa ɗalibai makafi jarrabawarsu ta musamman.

Giɓin da ya fi girma shi ne muryar Hausa, kuma ba wanda zai cike mana shi. Na'ura tana koyon harshe ne daga muryoyin masu shi. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, kowa na iya karanta 'yan jimloli ya ba da gudummawa. Ɗaliban kwamfuta da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su ne suka fi cancanta su shige gaba, don kada a gina muryar da ba ta jin karin harshen Gwandu da Kabi. Matasa masu waya su yi rajista a Be My Eyes, domin makahon da ba ya jin Turanci ya samu mai amsa masa.

Masu hali da 'yan siyasar da ke son taimakawa, kafin su sayo tabarau biyu a ɗauki hoto, su zauna da Sarkin Makafi da ƙungiyar makafi ta ƙaramar hukuma su ji buƙatarsu. Su ɗauki nauyin mota ta kai tsofaffi awon ido. Waɗanda ba za su warke ba a sama musu farar sanda da waya, da wani makaho ɗan'uwansu da ya ƙware ya koya musu, a kuma biya shi ladan aikinsa. Ɗan jagora kuma a mayar da shi aji. Idan aka bi wannan tsari, ranar da tabarau ya yi araha ya kuma iya Hausa, zai tarar da mutanen da suka shirya amfani da shi.