Mahaɗan da Ke Mutuwa: Yadda Intanet Ke Cinye Tarihinta

Duk mai yawan karatu a waya ya taɓa cin karo da lambar nan 404. Ka latsa shuɗin rubutun da aka ce zai kai ka ga cikakken labari, wayar ta ɗan yi juyi, sai ga farin shafi da gajeren saƙo cewa ba a sami abin da kake nema ba. Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan rashin sabis ko ƙarewar data, mu wuce abinmu. Alhali sabis lafiyarsa lau. Abin da lambar ke nufi shi ne kwamfutar da ke can nesa ta amsa maka sallama, sai dai abin da ka zo nema ya bar wurinta. A watan Mayu na 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da sakamakon wani nazari a kan wannan matsala, inda ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke kan intanet a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Kashi 23 cikin 100 na shafukan labaran da ta duba suna ɗauke da aƙalla mataccen mahaɗi guda, haka ma fiye da rabin maƙalolin Wikipedia a sashensu na manazarta. An daɗe ana gaya mana cewa abin da ya hau intanet ya zauna har abada. Maganar ba haka take ba, kuma ginin intanet ɗin kansa ne ya sa ba za ta zama haka ba sai in wani ya ɗauki ɗawainiyar.

Mahaɗi adireshi ne kawai. Ba ya ɗauke da rubutun da yake nunawa, kuma shafin da aka nuna bai ma san an nuna shi ba. Haka Tim Berners-Lee ya tsara abin tun lokacin da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, wajen 1989 zuwa 1991: kowa na iya nuna shafin kowa ba tare da neman izini ba. Wannan sauƙi ne ya sa yanar ta bunƙasa cikin ƙiftawa da bismillah, kuma shi ne rauninta, domin in mai shafi ya sauya adireshi ko ya goge, babu wanda zai sanar da dubban masu nuna shi. Yanzu kuma abin ya wuce mahaɗin da mutum ke latsawa da yatsa. Shafin jarida guda da ka buɗe, ba a ajiye yake wuri ɗaya ba. A daidai lokacin da ka latsa ne wayarka ke harhaɗa shi: rubutun daga kwamfutar jaridar, bidiyon daga YouTube, saƙon wani gwamna da aka liƙa a tsakiya daga X, taswira daga Google, salon haruffa daga wani kamfani, talla daga wasu kamfanonin da ko editan bai san sunansu ba. Duk wannan aike da karɓa kwamfutoci ne ke yinsa tsakaninsu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, babu hannun ɗan Adam. Kowane ɓangare yana rataye ne da zaton cewa mai riƙe da shi yana nan, yana biyan kuɗin wuta da na hayar adireshi, kuma bai sauya shawara ba.

Zaton nan yakan karye. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi da rumbun npm, inda masu wannan sana'a ke ajiye ƙananan kayan aiki don kowa ya ɗauka, ya janye nasa. A cikinsu akwai wani ɗan guntu mai suna left-pad, layi 11 kacal. Nan take aikin dubban manhajoji a faɗin duniya ya tsaya cik, saboda suna janyo guntun ta atomatik ba tare da masu su sun ma san da shi ba, sai da masu rumbun suka maido da shi. Abin da ya faru a 2024 ya fi wannan muni. Shafuka sama da 100,000 suna janyo wani kayan aiki daga adireshin polyfill.io duk lokacin da baƙo ya buɗe su. A watan Fabrairu wani kamfani mai suna Funnull ya sayi adireshin, zuwa watan Yuni masu binciken tsaro suka gano cewa ana amfani da shi wajen karkatar da masu waya zuwa shafukan caca da na damfara. Masu waɗancan shafuka ba su taɓa komai a nasu ɓangaren ba. Ƙofar da suka bari a buɗe shekaru da suka wuce ce ta sauya mai gadi. Wannan ya nuna mahaɗin da ya mutu ya fi wanda ya sauya hannu sauƙi, domin adireshin intanet haya ake yi shekara-shekara, ranar da mai shi ya daina biya kowa na iya karɓa ya zuba abin da ya ga dama, tsofaffin mahaɗai kuwa su ci gaba da turo masa mutane.

Manyan kamfanoni ma ba su da alƙawari. A 2024 Google ya sanar cewa gajerun mahaɗansa masu farawa da goo.gl, waɗanda aka baza a littattafai da takardun bincike da allunan talla tun 2009, za su daina aiki a watan Agusta na 2025, kafin daga baya ya sassauta ya bar waɗanda ake yawan latsawa. Ma'ana, waɗanda suka fi buƙatar kariya, wato na tsofaffin rubuce-rubucen da sai jifa-jifa ake waiwaya, su ne aka yanke. A farkon 2023 Twitter ya rufe ƙofar kyauta da manhajojin waje ke bi su ɗebo bayanai, sai ga ayyukan masu bincike da ƙananan manhajoji da yawa sun mutu a tsaye. Yahoo ya sayi GeoCities a 1999, ya rufe shi a watan Oktoba na 2009 tare da miliyoyin shafukan da talakawa suka gina da hannunsu. MySpace ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, sun salwanta wajen sauya kwamfutocin ajiya. Mu ma a nan gida mun ɗanɗana: OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na Najeriya da marubutan Hausa da dama, musamman mata, suka mayar kasuwarsu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Marubuciyar da ke da kwafi a wayarta ta tsira da littafinta. Sai dai duk wani mahaɗi da ta taɓa rabawa masu karatu, da duk wani ɗalibin jami'a da ya kafa hujja da wannan adireshi a kundinsa, sun zama marasa madogara.

A nan ne asarar ta fi ciwo, domin ta shafi hujja. Al'ummar da ta tashi da karatun hadisi ba ta buƙatar dogon bayani a kan isnadi: magana tana samun ƙarfi ne in ana iya bin sarƙar waɗanda suka ruwaito ta har zuwa tushe, in kuwa sarƙar ta yanke darajarta ta ragu ko da a kanta gaskiya ce. Mahaɗi shi ne isnadin rubutun wannan zamani. Masu bincike a Jami'ar Harvard, cikinsu har da Jonathan Zittrain da Lawrence Lessig, sun wallafa a 2014 cewa kusan rabin adireshin intanet da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka ambata a hukunce-hukuncensu ba sa kai mutum ga abin da alƙalin ya gani. In haka ta sami kotu mafi girma a ƙasar da ta haifi intanet, me ake tsammani ga ɗan jaridar da ke son tuna wa ɗan siyasa alƙawarin da ya yi a shafinsa shekara takwas da suka wuce, ko mai binciken da ke neman kasafin kuɗin da wata ma'aikata ta taɓa ɗorawa kafin sabuwar gwamnati ta zo ta sake shafin daga tushe? Ɓacewar shafi ba kullum haɗari ba ce. Wani lokaci akwai wanda take yi wa daɗi, kuma shi ne mai mabuɗin gogewa.

Wani zai ce ai ga shi muna gani intanet ba ta mantuwa, tunda bidiyon abin kunya da mutum ya yi shekaru goma baya yana iya tasowa ya hana shi aure ko muƙami. Gaskiya ne, amma a duba dalilin. Abin kunya yana rayuwa ne saboda dubban mutane sun sauke shi a wayoyinsu, suna sake yaɗa shi. Yawan kwafi ne ya raya shi. Rahoton kwamitin bincike, da hirar da aka yi da tsohon mawaƙi kafin ya rasu, da muhawarar da marubuta suka yi a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, babu mai sauke su, don kowa na ganin suna nan. Saboda haka intanet tana riƙe abin da ke tayar da ƙura, tana sakin abin da ke buƙatar natsuwa, kuma wannan zaɓi ba wani mai hankali ne ya zauna ya yi shi ba.

Wani kuma zai ce takarda ma ai gara na cinta, gobara na lashe ta, damina na jiƙa ta. Babu musu, kuma duk wanda ya ga halin da wasu rubuce-rubucen ajami ke ciki a zaurukan malamai ba zai yi wa takarda kirarin dawwama ba. Amma lalacewar biyu ba iri ɗaya ba ce. Takarda a hankali take mutuwa, tana nuna alama, kuma rabin shafin da gara ta bari ana iya karanta shi da ido kawai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, kwafinta ya watsu hannu da yawa, shi ya sa mai bincike ke iya zama yau ya karanta abin da Abubakar Imam ya rubuta. Bayanin kwamfuta kuwa dare ɗaya yake tafiya gaba ɗayansa, kuma ko yana nan sai da na'ura da manhajar da suka san yarensa. Ingila ta ga misalin wannan. A 1086 aka rubuta kundin ƙidayar filaye da dukiya da ake kira Domesday a kan fata, yana nan har gobe ana karantawa. A 1986 BBC ta yi bikin cikarsa shekara 900 da wani sabon kundi na zamani, wanda yaran makaranta daga ko'ina a ƙasar suka tara wa bayanai, aka zuba a faya-fayan leza. Kafin a yi shekara 20 na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto na musamman. Irin wannan ne ya sa Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa jikokinmu na iya rasa tarihin wannan ƙarni.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo ita ce akwai masu adanawa. Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996, tana ɗaukar hoton shafuka tana ajiyewa, kuma ta Wayback Machine kowa na iya liƙa mataccen adireshi ya ga ko an taɓa adana shi. Aikinta abin yabo ne ƙwarai, har ta gyara miliyoyin matattun mahaɗai a Wikipedia. Sai dai ƙungiya ce guda mai rayuwa da gudummawa, a ƙasa guda, ƙarƙashin dokar ƙasa guda. A Satumba na 2024 ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a shari'arta da manyan kamfanonin buga littattafai, a Oktoba kuma masu kutse suka durƙusar da ita na kwanaki. Ban da haka, na'urorinta mahaɗai suke bi, don haka shafin da mutane da yawa ke nunawa shi suka fi ziyarta. Ƙaramin shafin Hausa da ba kowa ke nuna shi ba yana iya rayuwa ya mutu ba su leƙa shi ba ko sau ɗaya. Abin da ke cikin WhatsApp da rufaffun zaurukan Facebook kuwa, inda kaso mai yawa na adabin Hausa na yau ke gudana, ba sa isa gare shi sam.

Akwai ƙasashen da suka ɗauki wannan a matsayin aikin hukuma. Faransa ta shigar da shafukan intanet cikin dokar ajiyar wajibi a 2006, Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2013, inda manyan ɗakunan karatunta ke kwashe shafukan ƙasar a kai a kai. Ko su ba su tsira ba, domin harin da aka kai wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Oktoba na 2023 ya rufe hanyar shiga rumbun na dogon lokaci, abin da ke tabbatar da cewa kwafi ɗaya a wuri ɗaya bai isa ajiya ba, ko a hannun wa yake. A Najeriya, dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kwafi uku, amma an rubuta ta ne a zamanin da bugu ke nufin tawada da takarda. Ya kamata a faɗaɗa ta ta haɗa da jaridun intanet da shafukan gwamnati da duk adireshin da ke ƙarewa da .ng. Ba sai an adana kowace gaisuwar Juma'a ba. Tantance abin da ya cancanta aikin ma'aikatan adana tarihi ne tun fil'azal, kuma sun fi sashen kuɗi na wani kamfani a Kalifoniya cancantar yin sa.

Kafin doka ta zo, cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni a Yamai suna iya fara tattara littattafan da ake rubutawa a waya, da izinin masu su, su ajiye a wuri fiye da ɗaya. Editocin jaridu su daina zubar da tsofaffin adireshi duk lokacin da suka sabunta shafi. Kai kuma marubuci ko ɗalibi, duk shafin da za ka kafa hujja da shi, ka tura shi Wayback Machine ta adana a ranar, ka rubuta kwanan wata, ka sauke kwafi. Littafin da ka rubuta a waya kuwa, ka fitar da shi a takarda ko da kwafi biyu ne, ka kai ɗaya ɗakin karatu.