Daƙiƙu Huɗu Bayan Mutuwar Inji

Ranar 5 ga Maris, 2015, ɗan wasan fim ɗin Amurka Harrison Ford ya tashi daga filin jirgin Santa Monica a jihar Kalifoniya, cikin wani tsohon jirgi mai inji ɗaya ƙirar 1942. Bai yi nisa ba injin ya ɗauke. Ya karkata zai koma, ya ga ba zai kai ba, sai ya nufi wani filin wasan golf da ke kusa. Jirgin ya gogi kan bishiya ya faɗi a ciyawa, shi kuwa ya tsira da karaya. Masu binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, sun gano cewa ɗan ƙarfen da ke auna mai a cikin kafireta ne ya kwance.

Mutuwar inji ba ta sa jirgi ya rufto kamar dutse. Muddin iska na bin fukafukansa da isasshen gudu, zai ci gaba da shawagi yana sauka a hankali. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, wanda ɗalibai da yawa ke koyon tuƙi da shi, yakan ci wajen mita tara gaba a duk mita ɗaya da ya sauka. Matsalar lokacin tashi ita ce hancin jirgin na sama, gudun kaɗan ne, ƙasa kuma tana kusa. Masu koyar da tuƙi na ƙiyasta cewa mutum kan ɓata kamar daƙiƙa huɗu kafin ya yarda injin ya mutu da gaske, a nan kuwa gudun yake zubewa. Aikin farko shi ne ya tura sandar tuƙi gaba, hanci ya sunkuya. Wannan ya saɓa wa zuciya, domin ba mai son ya nufi ƙasar da yake tsoro.

Daga nan sai kwaɗayin komawa. Titin jirgin na baya, ga motar kashe gobara, ga mutane. Amma komawar ta fi juyin rabin da'ira, don dole a sake daidaita jirgin da titin, kuma duk karkata tana cin tsayi. Mafi muni, jirgin da ya karkata digiri 60 yana buƙatar ƙarin gudu wajen kashi 40 cikin 100 kafin fukafukai su ci gaba da ɗaukarsa. Matuƙi ya ga ƙasa na matsowa, ya ja sanda, fiffike ɗaya ya saki, jirgin ya wulwula ya kafe da hanci. An gudu gara an faɗa wa zago. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi cewa idan bai yi tsayi ba, ya sauka a abin da ke gabansa, gona ce ko fili, ko da jirgin zai lalace. Ford yana da ɗan tsayi lokacin da ya juya, kuma bai nace sai ya kai titin ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa tun a ƙasa ake shuka haɗarin. Man waɗannan jirage shuɗi ne. Kafin tashi matuƙi kan tatsi kaɗan daga ƙasan fiffike a ɗan kofi mai haske, ya ɗaga ya duba. In akwai ruwa, zai gan shi kwance a gindi kamar ƙwallayen gilashi. Mai gaggawa da ya tsallake wannan, ko ya bar makunnin mai a kan tankin da ya kusa ƙarewa, injinsa zai tashi lafiya da ɗan man da ke cikin bututu, ya mutu daidai lokacin hawa.

Akwai kuma rabon hukumomin tsara gari. Shawarar a sauka gaba tana aiki ne idan akwai inda za a sauka. Filayen jirgi da dama an gina su a bayan gari, yau gidaje da kasuwanni sun kewaye su har bakin shinge. Duk fulotin da aka yanka a ƙarshen titin jirgi ya rage wa matuƙi zaɓi, ya kuma jefa mazauna gidan cikin haɗarin da ba wanda ya gaya musu ranar da suka biya kuɗin fili.