Hanyar sauri ta Yamai: tsari da suna

A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su wuce 400.000 ba, a ta 2012 sun zarce miliyan ɗaya. Tun 1970 har 2011 gadar Kennedy kaɗai ke haɗa gaɓoɓin kogin Kwara a cikin birnin. Daga nan aka shiga gine-gine: gada ta biyu a 2011, gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani a 2018, sai hanyar da ta taso daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari a 2019.

Faransanci ya bambanta «autoroute» da «voie express», alhali Hausa «babbar hanya» take ce ma dukansu. Muna ganin «hanyar sauri» ta fi dacewa, domin abin da ya keɓanta ta ba faɗi ba ne, ƙarancin mashiga da mahaɗa ne. Nan kuma matsalar take: hanyar da ba a tsayawa bisa kanta takan raba unguwa biyu, mai amalanke da ɗan makaranta su rasa inda za su tsallaka, sai sun yi dogon zagaye ko su yi kasada.

Tun 1962 Anthony Downs ya nuna cewa sabuwar hanya cikin birni takan jawo ƙarin motoci har cunkoso ya dawo. Ke nan ginin bai isa ba in babu motocin haya na jama'a, da mashigan ruwa da ake yashewa kafin damina, da alamun da direban da bai yi lakwal ba zai gane.